RUMBUN RUWA A KAN DUTSE: KIYAYE CIYAWA DA DAUSAYIN TSAUNUKAN GASHAKA DA MAMBILA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama. Ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya tashi yana jawabi a gaban waɗanda suka koya masa riƙon alƙalami, saboda haka ina neman izinin malamaina kafin in ci gaba. Haka kuma ina so a sani cewa ko da yake ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da zan faɗa a nan ra'ayina ne, ba da yawun wani ofis nake magana ba.

Batun da na zaɓa shi ne ciyawa da dausayin da ke kan manyan tsaunukan ƙasarmu, musamman na Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti da tudun Mambila da ke maƙwabtaka da shi. Na san wani zai ce a ransa, ga matsalar tsaro, ga tsadar abinci, me ya kai mu zancen ciyawa? Amsar ita ce, wannan ciyawa da wannan dausayi su ne rumbun da ke ajiye ruwan damina, suna sakinsa kaɗan-kaɗan ga kogunan da miliyoyin mutane ke sha, suke noma, suke kamun kifi a cikinsu. Wannan shi ne abin da nake so mu tashi da shi yau.

WURIN DA AKE MAGANA A KAI

An kafa Gandun Gashaka-Gumti a 1991, watau shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba, ta hanyar haɗe wasu tsofaffin gandayen namun daji guda biyu, na Gashaka da na Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin ƙasa na Nijeriya. Kudancinsa na cikin Jihar Taraba, arewacinsa na cikin Jihar Adamawa, ta gabas kuma ya yi iyaka da Kamaru. Hedikwatarsa tana garin Serti. A cikinsa ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya yake, watau Cabbal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419. Malamanmu na labarin ƙasa za su tuna irin wahalar da suka sha kafin mu haddace irin waɗannan sunaye.

Kudu da gandun akwai tudun Mambila a Ƙaramar Hukumar Sardauna, inda garuruwan Gembu da Nguroje suke, da gonar shayi ta Kakara. Yawancin tudun yana kan tsawon kimanin mita 1,600. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi kan ragu da kimanin digiri 6, shi ya sa wanda ya bar Jalingo yana gumi zai nemi bargo a Gembu. Ruwan saman da ake samu a wannan yanki ya kusa ninka wanda Kano ke samu.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci saman waɗannan tsaunuka kurmi ne. Akwai kurmi kam, a gangare da cikin kwaruruka, kuma a nan ne ake samun birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi. Amma can ƙololuwa yawanci fili ne na ciyawa, tudu bayan tudu, iya ganinka. A tsakanin tuddan kuwa akwai idanun ruwa da dausayi, inda ƙasa ke jiƙe rani da damina. Daga nan ƙoramu ke tasowa. Na gandun, irin su Mayo Kam, suna zuba a Kogin Taraba. Kogin Donga kuma daga Mambila ya faro. Dukkansu biyu a Binuwai suke ƙarewa, Binuwai kuma ya haɗu da Kwara a Lakwaja.

YADDA DUTSE KE AJIYE RUWA

'Yan'uwa, kowa ya san bambancin zuba ruwa a kan tabarma da zuba shi a kan daɓen siminti. Haka abin yake a kan dutse. Idan ruwan sama ya sauka a kan tudu mai cikakkiyar ciyawa, ganyen ne ke fara tare ƙarfinsa, tushiyoyin su rage masa gudu, saiwoyin kuma su buɗe masa hanyar nutsewa cikin ƙasa. Ruwan da ya nutse ba ya ɓata. Yana bi ta ƙarƙashi sannu a hankali, makonni ko watanni, har ya ɓullo a idon ruwa can ƙasan tudu. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin ƙorama tana gudu a watan Maris, alhali an yi wata huɗu ba a ga hadari ba.

Idan kuwa ciyawar ta ƙare, ƙasa ta daddaɓe, to ruwan zai kwarara ne gaba ɗaya a rana guda, ya kwashe ƙasar sama, ya yanka kwazazzabo, ya tafi da ja-ja-wur ɗin laka ya cika kogi da yashi. Ruwan da aka samu a shekarar bai ragu ba, amma ya zo wa mutanen ƙasa a matsayin ambaliya a watan Satumba, ya bar su da busasshen rafi a watan Fabrairu.

Sai kuma dausayin. A wuri mai sanyi wanda ruwa ke kwance a kansa kullum, ciyawa da ganyen da suka mutu ba sa ruɓewa sosai, domin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su suna bukatar iska, ruwa kuwa ya toshe musu ita. Sai matattun tsirrai su yi ta taruwa, wani a kan wani, su zama wata baƙar ƙasa mai laushi kamar soso, wadda in ka taka sai ka ji tana motsi. Inda ta yi kauri, masana na kiranta fit. Taruwarta na da jinkiri ƙwarai: kimanin milimita 1 a shekara. Ke nan kaurin mita 1 aikin shekara 1,000 ne. Irin wannan ƙasa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na doron duniya ba, amma kabon da ke danƙare a cikinta ya fi wanda ke cikin itatuwan dukkan dazuzzukan duniya. Muddin tana jiƙe, kabon ɗin na nan a ɗaure. Ranar da aka yanka mata magudana ta bushe, sai ta fara ruɓewa, ta saki iskar da ke ƙara ɗumamar yanayi, ta motse, kuma tana iya kama wuta ta ci ta ƙarƙashin ƙasa makonni ba a iya kashe ta ba, kamar yadda aka gani a Indunusiya a 1997 da 2015.

ABIN DA KE ƁATA WURIN

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa huɗu ne ke cin waɗannan tsaunuka.

Na farko, kiwon da ya wuce kima. Sanyin tsaunukan ya sa ƙudan tsando bai cika zama a can ba, ga ciyawa, ga ruwa, don haka wurin ya zama aljannar makiyaya. Da shanu suka yawaita, suka riƙa zama wuri guda shekara da shekaru, sai dogayen ciyayi masu daɗi suka ja baya, wata gajeriyar ciyawa mai tauri wadda shanu ba su cika so ba ta maye gurbinsu a wurare da yawa na Mambila. Hanyoyin da garke ke bi zuwa mashaya su ne ke fara zama kwazazzabai. Kofaton shanu kuma ya fi yin ɓarna a bakin idon ruwa, inda ƙasa ke da taushi.

Na biyu, wuta. Makiyayi na ƙona tsohuwar ciyawa don ya sami sabon toho, mafarauci na ƙonawa don ya kori nama. Wuta ba baƙuwa ba ce a filin ciyawa, kuma wadda aka sa da wuri, a Nuwamba ko farkon Disamba lokacin da ƙasa ke da sauran danshi, takan lashe sama-sama ta mutu. Amma wadda aka sa a Fabrairu ko Maris, komai ya bushe ƙayau ga iska, ita ce ke cin tushiya, ta shiga bakin kurmi ta kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara daidai lokacin da ruwan farko mai ƙarfi zai sauka.

Na uku, shuka itace a inda bai dace ba. Wannan zai ba wasu mamaki, domin an tashe mu a kan cewa dashen itace alheri ne, kuma haka ne a inda hamada ke barazana. Amma a Mambila an dasa itacen turare da yawa saboda katako da makamashi, shi kuwa itace ne mai saurin girma da yawan shan ruwa rani da damina. In aka jera shi a bakin dausayi ko kan idon ruwa, to an sa wa rumbun bututu ne. Filin ciyawa na kan dutse ba kango ba ne da ke jiran a cike shi da itatuwa. Yana da tsirrai da tsuntsaye da ƙwarin da ba sa rayuwa sai a cikinsa.

Na huɗu, yanka magudana a dausayi don a yi noma, da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Jama'a na ƙaruwa, gona na ƙaranci, dausayi kuwa ƙasarsa baƙa ce mai albarka a shekarun farko. Manomi ba shi da laifin neman abinci, sai dai abin da ya samu na 'yan shekaru ne, abin da aka rasa kuwa na ɗaruruwan shekaru.

DARASI DAGA RUWANDA

Domin kada a ɗauka wannan hasashe ne kawai, bari in kai ku wata ƙasa ta Afirka mai tsaunuka irin namu, inda abin ya riga ya faru. A arewacin Ruwanda akwai wani babban dausayi mai ƙasar fit da ake kira Rugezi, a kan tsawon sama da mita 2,000. Ruwansa ne ke zuba a tafkunan Burera da Ruhondo, waɗanda ke juya injinan tashoshin lantarki biyu, Ntaruka da Mukungwa. A wancan lokaci waɗannan tashoshi su ne ke ba ƙasar mafi yawan wutar da take samarwa. Shekaru aka yi ana yanka magudanai a dausayin, ana noma da kiwo a cikinsa, ana kuma noma gangaren da ke kewaye da shi. Da aka sami ƙarancin ruwan sama, sai tafkunan suka ja baya, a 2004 ƙasar ta faɗa cikin matsananciyar matsalar wuta, har gwamnati ta koma ga injinan dizal masu cin kuɗi.

Abin da suka yi shi ne abin koyi. An hana noma da kiwo a cikin dausayin, an toshe magudanan, an yi gyaran gangare don rage zaizaya. A 2005 aka kafa dokar da ta hana noma a cikin mita 10 daga bakin kogi da mita 50 daga bakin tafki, a shekarar kuma aka sa Rugezi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Cikin 'yan shekaru ruwa ya dawo, injina suka ci gaba da aiki. Mutanen da aka hana shiga dausayin sun ji jiki, wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa tilas a haɗa hani da samar wa mutane madadi.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shekaru da dama ke nan muna jin labarin tashar lantarki ta Mambila a kan Kogin Donga, wadda aka ce za ta ba da megawat 3,050. Ana ta maganar kwangila da bashi, amma ba a cika jin wanda ya tambayi lafiyar tuddan da za su ba dam ɗin ruwa ba. Dam kwano ne kawai. In ruwa ya zo masa da laka zai cike, in ya yanke da rani injin zai tsaya.

YADDA AKE GYARA

Abin farin ciki, gyaran ba ya bukatar na'urar da za a yi odarta daga waje. Ga dausayi, magani ɗaya ne: a mayar masa da ruwansa. Ana toshe magudana da kwazazzabo da ƙananan shingaye na dutse, ko itace, ko curin ƙasa mai ciyawa, a jere daga sama zuwa ƙasa, domin ruwa ya tsaya ya jiƙa gefe da gefe. Ana killace idon ruwa, a jawo ruwan zuwa kwami can gefe inda shanu za su sha ba tare da sun tattake tushen ba. Ana sare turaren da ke bakin ruwa, a mayar da dashensa can tudu kusa da gari.

Ga filin ciyawa kuwa, hutu ne maganinsa. A raba makiyaya kashi-kashi, a bar wani kashi ya huta damina guda har ciyawarsa ta yi iri ta zubar. Inda ƙasa ta yi sanƙo, a ciro tushiyoyin ciyawar wurin a dasa a layi, a kan kwancen gangare. A share layin tare wuta a bakin kurmi da dausayi tun kaka, a yi ƙuna da wuri, kuma ba kowace shekara a wuri guda ba.

Akwai inda ake gwada irin wannan a Mambila. Gandun Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, mai faɗin murabba'in kilomita 46, an keɓe shi tun 1969. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan, tare da ɗaliban jami'o'inmu da matasan ƙauyen, sun killace wasu filaye a bakin kurmin don hana shanu da wuta shiga. Abin da aikin ya nuna shi ne ƙasa na farfaɗowa, amma da jinkiri, shekara da shekaru. Rigakafi dai ya fi magani.

MAKIYAYA DA MAZAUNA WURIN

A nan ne gizo ke saƙar. Lokacin da aka shata gandun Gashaka-Gumti, an tarar da mutane a ciki, don haka aka bar musu wasu keɓaɓɓun yankuna, irin su Filinga da Sabere da Cabbal Hendu, inda aka yarda su zauna su yi noma da kiwo. Ke nan ciyawar da muke magana a kai tana da masu ita. Ma'aikatan gandu, komai ƙwazonsu, ba za su iya tsare fili mai wannan girma da ƙafa da bindiga ba, kuma wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki, Allah ya jiƙansu. A 2017 Hukumar Kula da Gandayen Dajin Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da gidauniyar Africa Nature Investors don ƙarfafa tsaron gandun da aiki da jama'ar da ke kewaye. Wannan mataki ne mai kyau.

Amma a ganina, ba za a ci nasara ba sai ardo da mai unguwa da sarki sun ɗauki dokar a matsayin tasu. Bafulatanin da ya yi shekara 40 a kan tudu ya fi kowane jami'i sanin wane ido ne ya ƙafe, da wace shekara ciyawa ta canza. Shi ne kuma farkon wanda zai yi asara in tudun ya mutu. In aka zo masa da allurar shanu, da mashaya mai kyau, da tabbacin cewa filin da ya hutar ba za a ba wani ba, zai saurari maganar yawan garke da lokacin ƙuna. In kuwa kora da tara kawai ya sani, to ashana ɗaya ta isa ta rushe aikin shekara goma. Kada kuma mu manta da rikicin da ya auku a Mambila a 2017, wanda ya ci rayuka da dukiya. Duk inda ciyawa da ruwa suka ƙaranta, zaman lafiya ma kan ƙaranta.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, in na duba wannan zaure ina ganin injiniyoyi, da likitocin dabbobi, da malaman gona, da lauyoyi, da 'yan jarida, da masu riƙe da sarauta. Fayil-fayil da yawa na bi ta teburanmu. Ina roƙonmu abubuwa uku.

Na ɗaya, duk wanda takardar rabon fili, ko izinin haƙar ma'adini, ko shirin dashen itatuwa ta zo gabansa, ya tambaya: akwai idon ruwa ko dausayi a wurin? Tambaya ɗaya a kan lokaci ta fi kwamitin bincike bayan ɓarna. Wannan bai tsaya ga Taraba ba, ya shafi tudun Jos inda koguna da dama na Arewa suka samo asali, ya kuma shafi fadamar ƙauyen kowannenmu.

Na biyu, ina ba da shawarar ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin kai ɗaliban ajin ƙarshe ziyarar ilimi zuwa Gashaka ko Ngel Nyaki, tare da malamansu na labarin ƙasa da na kimiyyar halittu, a duk lokacin da hukumar makaranta ta gamsu da tsaron hanya. Gani ya kori ji.

Na uku, mu ware wani abu daga asusun tallafinmu ga ɗalibi ko ɗaliba da ke son karanta ilimin gandun daji, ko na ƙasa da ruwa, ko na kiwo. Muna bukatar 'ya'yanmu masu jin Hausa da Fulatanci a wannan fage, waɗanda za su iya zama a kan buzu ɗaya da ardo su fahimci juna.

KAMMALAWA

Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, in ji masu iya magana. Tokar wannan rumbu kuwa ba ta da kasuwa. Mun gaji tsaunukan nan da ruwansu yana gudu, kuma amana ce a wuyanmu mu miƙa su haka ga na baya.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya gafarta musu. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ƙara haɗa kanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.